Shin Chelsea ce ta kashe Mikel Obi?

Tambaya: Malam, kullum sai mun yi gardama a gidan kallo a kan Mikel Obi. Wasu sun ce Mourinho ne ya kashe shi lokacin da yake kocin Chelsea, ya ɗauki ɗan wasa mai lamba 10 da ya kusa kamo Messi ya mai da shi mai bayar da ƙwallo baya. Wasu kuma sun ce babu ɗan wasan tsakiya a Najeriya da ya kai shi cin kofuna. Ni a 2005 ina ƙarami, ban kalli wasannin ba. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Ƙanena, wannan gardamar ta girme ka a gidan kallo, kuma ni ma na yi ta har muryata ta dushe. Na shafe shekaru ina horar da yara a filin unguwa, kuma wurin da na fi ba muhimmanci shi ne tsakiyar fili, don haka ina da ra'ayi a kan maganar, ba zan ɓoye maka shi ba. Chelsea ba ta kashe Mikel ba. Ta rage masa wani abu, wannan gaskiya ne, zan kuma nuna maka abin da ta rage. Amma abin da ya fi iyawa tun yana yaro shi ne abin da Chelsea ta ɗora shi a kai, mu ne dai muka so ya zama wani mutum dabam.

A Jos aka haife shi, ran 22 ga Afrilu 1987. Iyayensa 'yan Anambra ne, mahaifinsa yana harkar motocin haya a Jos, kuma a nan yaron ya tashi, ya bi ta makarantar ƙwallo ta Pepsi ya shiga Plateau United. Ko sunan "Mikel" ɗin ma kuskuren rubutu ne: Michael ne, jami'an hukumar ƙwallo suka rubuta shi haka lokacin da za a je gasar 'yan ƙasa da shekara 17 a Finlan a 2003, sunan kuma ya bi shi. A wannan gasar Najeriya ta yi kunnen doki da Kosta Rika a maki da ƙwallaye, aka jefa ƙuri'a, ƙuri'a ta faɗa wa Kosta Rika. Yara suka dawo gida tun daga rukuni, amma masu farautar 'yan wasa na Turai sun riga sun ga abin da suka gani.

Gasar da abokanka suke magana a kai ita ce ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Holan, 2005, ƙarƙashin koci Samson Siasia. Najeriya ta fitar da masu masaukin baƙi a bugun fenareti 10 da 9, ta ci Maroko 3 da nema, sannan ta sha kashi a hannun Ajantina 2 da 1 a wasan ƙarshe, Messi ya ci duka biyun da fenareti. Aka ba Messi kyautar gwarzon gasa, Mikel na biyu, Taye Taiwo na uku. Daga nan maganar "ya kusa kamo Messi" ta samo asali. To amma ka tambayi duk wanda ya ce haka, ƙwallo nawa Mikel ya ci a gasar? Ɗaya ce tak, kuma fenareti ce, a wasan Suwizalan. Messi shida ya ci. Na kalli wasannin nan a lokacin, na kuma sake kallon wasu daga baya, kuma abin da ya sa jama'a suka buɗe baki ba yanka ba ne, ba cin ƙwallo ba ne. Yaro ne dogo mai shekara 18 da in ya sa ƙwallo a ƙafa ya juya maka baya, sai dai ka ture shi alƙalin wasa ya busa. Yana karɓa daga wajen 'yan baya, ya ɗaga kai, ya raba ta hagu ko dama ba tare da gaggawa ba. Sani Kaita, ɗan Kano, shi ne ke bayansa yana sharar fili, wannan ya ba shi damar matsawa gaba. Amma ko a lokacin, Mikel mai tsara wasa ne daga nesa, ba irin Okocha ba ne mai shiga cikin mutum uku ya fito da ƙwallo.

Kafin ma a je Holan rigima ta riga ta ɓarke a kansa. Yana wasa a Lyn ta birnin Oslo a Norwe, kuma a ƙarshen Afrilu 2005, 'yan kwanaki bayan ya cika shekara 18, Manchester United ta sanar cewa ta saye shi, har aka ɗauke shi hoto sanye da jar riga. Chelsea ta ce atafau ita ta kawo shi Turai, kuma tana da alkawari da wakilansa. Yaron da kansa ya fito ya ce matsa masa aka yi ya sa hannu, Chelsea yake so. Aka kwashe sama da shekara ana ja-in-ja, magana ta kai gaban FIFA, sai a Yunin 2006 aka sasanta: Chelsea ta biya United fam miliyan 12, ta biya Lyn miliyan 4. United ta karɓi waɗannan kuɗi a kan yaron da bai taɓa buga mata wasa ko ɗaya ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne illar da wannan shekarar ta yi masa. Tsakanin shekara 18 da 19 lokaci ne da ɗan wasa ke buƙatar wasa kowane mako, shi kuwa ya ƙarar da mafi yawanta yana jiran lauyoyi.

Masu cewa da United ya je da ya zama wani abu dabam, ina girmama ra'ayinsu, amma ka dubi abin da United take nema a lokacin. Ɗan wasanta na tsakiya Roy Keane ya tafi a Nuwamban 2005. Da ta rasa Mikel, wa ta saya a bazarar 2006? Michael Carrick, mai zama gaban 'yan baya yana raba ƙwallo. A ganina gurbin da ke jiran Mikel a can ma bai yi nisa da wanda ya samu a Chelsea ta birnin Landan ba.

Yanzu ka dubi tsakiyar Chelsea a ranar da ya isa. Frank Lampard yana nan, mutumin da ke cin ƙwallo wajen 20 kowace kaka daga tsakiya. Michael Essien yana kan ganiyarsa. Michael Ballack, kyaftin ɗin Jamus, ya iso a wannan bazarar. Wa za a zaunar a benci saboda yaro ɗan shekara 19 da ya zo daga Norwe? Ƙofa ɗaya ce ta rage a buɗe: Claude Makelele, mai zama gaban 'yan baya, ya kai shekara 33, ana neman magajinsa. Ta nan Mourinho ya shigar da shi. Farkon bai yi daɗi ba ko kaɗan. An ba shi jan kati a wasan Reading a Oktoban 2006, wasan da Petr Cech ya fashe a kai, an hukunta shi a kan makara wajen atisaye, an sake korar sa a wasan ƙarshe na kofin Lig da Arsenal a Fabrairun 2007, tare da Kolo Toure da Adebayor. Amma kafin kakar ta ƙare ya nutsu, har shi aka fara da shi a wasan ƙarshe na kofin FA da suka ci United a sabon Wembley.

Ga wata magana da masu zargin Mourinho ba sa son ji. Mourinho ya bar Chelsea a Satumban 2007, wato kaka ɗaya da ɗan ɗoriya kawai ya yi da Mikel a zuwansa na farko. Bayansa kocin da aka yi su ne Avram Grant, Scolari, Hiddink, Ancelotti, Villas-Boas, Di Matteo da Benitez. Mutum bakwai, kowa da irin tunaninsa, wasu masu son kai hari ne, wasu masu tsare gida. Da akwai lamba 10 a ɓoye a jikin yaron nan, a ce duk cikinsu babu wanda ya gani? Dukansu a gaban 'yan baya suka ajiye shi, kuma kusan dukansu sun dogara da shi. Makelele ya tafi a 2008, wurin ya zama nasa.

Bari in yi maka bayanin aikin, domin a nan ne gardamar take. Mu nan muna kiran wurin lamba huɗu, Turawa kuma lamba shida suke cewa. Duk yaron da ya zo wurina, lamba 10 yake so ko lamba 9, babu mai zuwa ya ce a ba shi huɗu, domin ba a yi wa mai huɗu tafi. Aikinsa na farko shi ne tsayawa a inda ya dace tun kafin haɗari ya taso. In 'yan gefe na baya sun hau, Lampard ya kutsa cikin da'ira, fili yana buɗewa a tsakiya, kuma da zarar an ƙwace ƙwallo ta nan abokan hamayya za su biyo. Mai huɗu shi ne ke toshe wannan hanyar. Sau da yawa ba ya ma taɓa ƙwallon, tsayuwarsa kawai ke sa mai ƙwallo ya fasa bayarwa ta tsakiya ya kai ta gefe, a samu daƙiƙa uku da sauran za su dawo. Talabijin ba ya nuna wannan, domin kyamara ƙwallo take bi. Aikinsa na biyu ya fi wuya: ya karɓi ƙwallo daga hannun 'yan baya alhali ya ba ragar abokan hamayya baya, mutum yana manne da shi, wani yana tahowa ta gefe. In ya yi asarar ta a nan, babu kowa tsakanin maharan da masu tsaron baya biyu. A wannan wurin Mikel ya yi fice. Yana da tsawo da faɗin ƙugu, yana sa jiki tsakanin mutum da ƙwallo, ya ja ta da tafin ƙafa, ko ya tsere ko a yi masa ƙeta. Ita wannan bayarwar gefe da ake yi masa dariya a kai, a mafi yawan lokuta ita ce daidai, domin in ƙungiyarka ta gama gudu tana kare hari, abin da take buƙata shi ne ta riƙe ƙwallo ta yi numfashi, ba a sake jefa ta gaba a rasa ba. Nakan gaya wa yarana cewa mai huɗu kamar ginshiƙin ɗaki yake, ba a lura da shi sai ranar da ya karye.

In kana son ganin wannan da idonka, nemi wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai na 19 ga Mayu 2012, Bayern Munich da Chelsea, a filin Bayern ɗin. Ka kalle shi gaba ɗaya, kada ka bi ƙwallo, ka bi mai riga lamba 12. Chelsea ta shiga wasan babu Terry, babu Ivanovic, babu Ramires, babu Meireles, duk an dakatar da su. David Luiz da Gary Cahill daga jinya suka taso. Bayern tana da Schweinsteiger da Kroos a tsakiya, Muller a gabansu, Robben da Ribery a gefe, kuma su biyun nan duk masu son yankowa ciki ne, wato wurin Mikel. Bayern ta buga kwana 20, Chelsea ɗaya tak, kuma da ita Drogba ya farke a minti na 88 bayan Muller ya ci a na 83. Kowa yana tuna kan Drogba da hannun Cech da ya tare fenaretin Robben, kuma sun cancanta. Amma minti 120 Mikel ya yi yana rufe ƙofar da'ira, yana bin Robben in ya shigo, yana komawa kan Muller, kuma duk lokacin da ƙwallo ta faɗo masa, shi ne kusan mutum ɗaya a cikin shuɗiyar riga da ba ya buga ta sama don tsoro. Haka ya yi a Camp Nou a zagayen da ya gabata, lokacin da aka kori Terry suka rage su goma suka tashi 2 da 2 da Barcelona. A wurina waɗannan wasanni biyu sun isa amsa ga mai cewa an kashe shi.

Tsakani da Allah kuma, akwai abin da ya rasa, kuma abokanka ba su yi ƙarya ba gaba ɗaya. Ya buga wa Chelsea wasa 372, ƙwallo shida ya ci. A Firimiya kuwa ɗaya ce tak, a ragar Fulham a Satumban 2013, bayan shekara bakwai yana wasa a gasar. Ko ga mai huɗu wannan ya yi kaɗan. Yaron 2005 yana da doguwar bayarwa mai tsaga 'yan baya, yana kuma da ƙarfin halin ɗaukar ƙwallo ya tafi da ita mita ashirin. Shekarun da ya yi ana ce masa "karɓa ka ba Lampard" sun sa wannan ƙarfin halin ya kwanta. Akwai wasannin da Chelsea ke neman ci, abokan hamayya sun koma gida duka, fili a buɗe gabansa, amma sai ya taɓa ta sau uku ya mayar gefe. Wannan ya sha ba ni haushi. Ba shi da saurin gudu kuma, in aka wuce shi da wuya ya kamo. Shi ya sa da Mourinho ya dawo ya sayo Nemanja Matic a Janairun 2014, Mikel ya koma mai shigowa a rufe wasa. Idan ka haɗa shi da Yaya Toure, wanda shi ma a Barcelona mai huɗu ne amma Manchester City ta sake shi ya hau gaba, za ka ga abin da sauyin ƙungiya ke iya yi. Sai dai Yaya yana da gudu da harbin da Mikel bai taɓa samu ba, don haka ba na jin ko an sake shi zai ci irin ƙwallayen Yaya. Ya zaɓi zama a Chelsea shekara goma da rabi, ya fita da Firimiya biyu (2010 da 2015), kofunan FA, kofin Lig, kofin zakarun Turai da na Europa na 2013.

A tawagar ƙasa labarin ya sha bamban, kuma a nan ne nake ganin laifinmu. Ya fara gasar cin kofin Afirka a Masar a 2006, ya shigo daga benci a wasan Zimbabuwe, ya bayar aka ci, shi ma ya ci, duk cikin 'yan mintoci. Najeriya ta zo ta uku da ƙwallon Garba Lawal a ragar Senegal, kuma wannan ce gasar Okocha ta ƙarshe. Okocha na ajiye rigar, sai idon kowa ya koma kan Mikel, daga baya ma aka ba shi lamba 10 ɗin. Tun daga ranar muke auna shi da mudun Okocha. A Landan ana koya masa kada ya kuskura ya yi ganganci da ƙwallo, ya zo Abuja ana so ya yanke mutum huɗu. Shekarun farko ba su yi kyau ba, kuma shi ma yana da nasa laifin: an yi ta samun saɓani da hukuma a kan rashin amsa gayyata, Siasia ya bar shi a gida lokacin Olamfik na Beijin a 2008 inda Najeriya ta ci azurfa. Ya je Gana a 2008, ya je Angola a 2010 aka zo na uku, rauni a gwiwa ya hana shi gasar duniya ta 2010, sannan Najeriya ta kasa ma zuwa gasar Afirka ta 2012.

Koci Stephen Keshi, Allah ya sa ya huta, shi ne ya gane yadda za a yi amfani da shi. A Afirka ta Kudu a 2013 bai ce masa ya zama Okocha ba, bai kuma ɗaure shi a gaban 'yan baya kamar Chelsea ba. Bayan wasannin rukuni da aka sha da ƙyar, har Mikel ya ɓarar da fenareti a wasan Zambiya, Keshi ya daidaita tsakiyar: Ogenyi Onazi, wani yaron Jos ɗin, yana gudu yana ƙwace ƙwallo, Sunday Mba yana kutsawa gaba, Mikel a tsakaninsu yana riƙe linzami. Wato kusan irin aikin da ya yi a 2005 da Kaita a bayansa. Da wannan tsarin aka fitar da Kwaddibuwa ta su Drogba da Yaya Toure 2 da 1, alhali ba wanda ya ba Najeriya dama, aka lallasa Mali 4 da 1, aka ci Burkina Faso 1 da nema ran 10 ga Fabrairu a Johannesbag da ƙwallon Mba. Shekara 19 rabon Najeriya da kofin. An sa Mikel cikin zaɓaɓɓun 'yan wasan gasar. A watan Yunin shekarar, a gasar zakarun nahiyoyi a Birazil, ya karɓi ƙwallo a bakin da'irar Yurugwai, ya kauce wa kyaftin ɗinsu Lugano, ya lanƙwasa ta da ƙafar hagu cikin raga. Ranar na ce wa na kusa da ni, ashe abin yana nan bai mutu ba. A zaɓen gwarzon Afirka na 2013 ya zo na biyu bayan Yaya Toure.

Gasar duniya ta 2014 kuwa bai yi abin da ake tsammani ba. Ya yi nauyi, ya riƙa riƙe ƙwallo fiye da kima, kuma a wasan Faransa da aka ji wa Onazi rauni aka fitar da shi, tsakiyar ta watse, Mikel bai iya riƙe ta shi kaɗai ba. Aka ci mu 2 da nema.

Abin da ya sa na daina sauraron masu cewa ba ya kishin ƙasa shi ne Olamfik na Riyo a 2016. Antonio Conte ya zo Chelsea a wannan bazarar, an sayo N'Golo Kante, kowane ɗan wasa yana ƙoƙarin nuna kansa ga sabon koci a atisayen share fage. Mikel, mai shekara 29, ya bar wannan ya tafi ya jagoranci yaran Siasia. Tawagar ta maƙale a Atlanta saboda matsalar kuɗin jirgi, ba ta isa Manaus ba sai 'yan awoyi kafin wasanta da Japan, kuma ta ci 5 da 4, Etebo ya zura huɗu. Shi da kansa ya faɗa daga baya cewa daga aljihunsa ya biya wasu buƙatun tawagar. Ya ci ƙwallo a wasan Denmak, Jamus ta fitar da mu a wasan kusa da na ƙarshe, sannan aka ci Honduras 3 da 2 aka ɗauki tagulla, Sadiq Umar ya ci biyu, Aminu Umar ɗaya, Shehu Abdullahi yana gefen dama. Ita ce lamba ɗaya tilo da Najeriya ta samo a Riyo a duk wasannin da ta shiga. Da ya koma Landan Conte bai sa shi ko wasa ɗaya ba, a Janairun 2017 ya tafi Tianjin TEDA a ƙasar Sin. Chelsea ta ci Firimiya a ƙarshen wannan kakar ba tare da shi ba.

Koci Gernot Rohr ne ya ba masu son ganin sa a lamba 10 abin da suka daɗe suna nema. A wasannin neman gurbin gasar duniya ta 2018 ya sa Onazi da Wilfred Ndidi a baya, kyaftin Mikel a gabansu. A Uyo abin ya yi aiki: ya ci ƙwallo a ragar Aljeriya a Nuwamban 2016, ya ci a ragar Kamaru a wasan 4 da nema na Satumban 2017, Najeriya ta fito daga rukunin da ake cewa na mutuwa ne tun da sauran wasa ɗaya. Amma da aka je Rasha aka haɗu da Modric da Rakitic na Kuroshiya, gaskiya ta fito. Mikel a lamba 10 ya rasa ƙwallo, ya rasa fili, ba shi da saurin juyawa a matsattsen wuri, aka ci mu 2 da nema. A wasan Aislan Rohr ya mai da shi baya inda ya saba, ƙungiyar ta samu nutsuwa, Ahmed Musa ya ci biyu. Duk mai son sanin ainihin wurin Mikel, waɗannan wasanni biyu da ke kwana shida tsakani sun nuna masa.

Sai wasan Ajantina, 26 ga Yuni 2018, a birnin Saint Petersburg. Awoyi kaɗan kafin a take wasa aka kira shi a waya aka ce an sace mahaifinsa a hanyar Makurɗi zuwa Inugu, kuma in ya gaya wa kowa za a kashe shi. Wannan shi ne karo na biyu. A Agustan 2011 an taɓa sace dattijon a Jos, Mikel ya buga wa Chelsea wasa da Stoke cikin wannan halin, sai bayan kwana goma 'yan sanda suka gano shi a Kano. A Rasha bai gaya wa koci ba, bai gaya wa abokan wasansa ba. Ya ɗaura kambun kyaftin, hannunsa a naɗe saboda raunin da ya ji a wasan Aislan, ya buga minti 90. Messi ya ci, Victor Moses ya farke da fenareti, kuma saura minti huɗu Najeriya ta wuce zagaye na gaba Marcos Rojo ya ci ta biyu. Mu muna gidajen kallo muna zagin 'yan wasa, ba mu san abin da ke cikin zuciyar kyaftin ɗin ba sai bayan kusan mako guda, da 'yan sanda suka kuɓutar da mahaifin nasa ya fito ya yi magana. Duk wanda ya taɓa jiran kiran waya daga masu garkuwa da wani nasa, kuma a Arewa yanzu irinsu ba kaɗan ba ne, ya san abin da ake nufi da mutum ya tsaya da ƙafarsa a wannan halin, balle ya bi Messi da Banega a fili. Har yau in na tuna abin da na faɗa a kansa a wasan Kuroshiya, raina yana ɓaci.

Gasar Afirka ta 2019 a Masar ita ce ta ƙarshe. Jiki ya riga ya gaji, wasa biyu ya fara, na Burundi da na Madagaska, daga nan yara suka karɓa, Najeriya ta zo ta uku. A ƙasar da ya fara gasar Afirka da tagulla a 2006, a nan ya rufe da tagulla, ya yi ban kwana da tawagar a watan Yuli bayan wasanni wajen 90 da ƙwallo shida. A ɓangaren ƙungiya ya yi 'yan watanni a Middlesbrough, ya koma Trabzonspor ta Turkiyya, inda ya raba gari da su a Maris 2020 bayan ya fito fili ya ce bai dace a ci gaba da wasa ba alhali cutar korona tana yaɗuwa. Ya buga kusan dukan kakar 2020 zuwa 2021 a Stoke City, a rukuni na biyu na Ingila inda ake wasa Talata da Asabar, yana da shekara 33, kuma a lamba huɗu. Bayan ɗan gajeren zama a Kuwait, ya sanar da daina wasa a Satumban 2022.